Sau Uku Ta Fi Suruka Haske

Laraba, da hantsi

Zuwa ga takwarata, ɓarauniyar sunana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga tsohuwar da kika ce za ki kira ranar Lahadi, yau ga Laraba. Ina fatan kina lafiya, kina cin abinci a zaune ba a tsaye ba, kuma ciwon wuyan nan na sunkuyo a kan kwamfuta ya sake ki. Ya karatu? Ya Farfesarki, mai gajeren gashi da doguwar tambaya? Mu nan lafiya lau. Gwiwa tana nan tana gardama da ni, idon hagu kuma farar yana ta kusa rufe shi. Likita ya ce sai an yi aiki, na ce masa ya dakata, ina da sauran abin kallo.

Bayan gaisuwa, takardarki ta iso, na karanta ta sau uku da ɗan madubina. Bari in maimaita abin da na gane, in na kauce ki gyara wa 'yar aji bakwai. Kin ce ɗigon hasken da kike bincike a kansa ba tauraro ba ne, cibiyar wani garken taurari ce mai nisan gaske, da baƙin rami a tsakiya yana haɗiye duk abin da ya matso. In ya ƙoshi sai ya yi gyatsar wuta, bakin gyatsar kuwa mu ya saita, shi ya sa hasken ke hawa yana sauka. Shekara uku da suka wuce ya yi wata irin ƙuna ta wata biyu, a cikin watannin nan kuma injin da aka binne can cikin ƙanƙara ya kama wani ɗan mitsitsin abu, nutirino, daga wannan kusurwar ta sama. Ni na sa masa suna Baƙo Marar Sallama, tun da kin ce yana ratsa bango da dutse da cikin mutum bai ce wa kowa sannu ba. Nan da mako bakwai za ki tsaya gaban masu jarraba ki, ki nuna daga gyatsar nan Baƙon ya fito. Su kuma sun ce in ɗigon nan ya saba ƙuna, haɗuwarsa da Baƙo dace ne kawai, in kuwa sai an daɗe yake yi, to akwai magana. Awon injinku kuma na shekara goma sha biyu ne kacal.

Sai ga ki da murna, kin tono wani tsohon jadawali na gidan hangen taurari na kan tudu, inda na yi aiki tun ina budurwa, ya nuna shekara ashirin da ɗaya ɗigon yana kwance lamo bai taɓa ɗaga kai ba. Har fure kika zana min a ƙasan takarda.

Takwara, nemi kujera ki zauna. Jadawalin nan ƙarya yake yi. Ni na auna ɗigon nan.

Ke a mai goge gilashi kika san ni, haka babanki ke gaya wa mutane. Gaskiya ne da tsumma aka ɗauke ni. A lokacin ba kwamfuta, a kan farantin gilashi ake ɗaukar hoton sama, faɗinsa kamar littafin makaranta. Sama ta fito fara, taurari baƙaƙe kamar kashin ƙuda, wanda ya fi haske shi ya fi girman ɗigo. Maza su ɗauka, da safe mu karɓa mu goge mu jera. Wani tsohon malami mai lofe ya lura ina rarrabe ɗigo biyun da shi sai ya sa madubi, sai ya zaunar da ni a tebur mai fitila a ƙarƙashi ya koya min awo. Ki dubi ɗigon, ki dubi maƙwabtansa waɗanda haskensu ba ya canjawa, ki ce ya fi wane, bai kai wane ba, da mataki nawa. Maƙwabtan lamba gare su, ni kuwa lamba ba ta zama a kaina, sai na raɗa musu sunan dangin kakanki, Allah ya jiƙansa. Mafi haske Suruka, don ba abin da ke ɓuya mata. Sai Kawu, sai Gwaggo, sai Tela, sai ɗan dusu-dusun nan Auta. Ɗigonki kuwa Fitinanniya, don ba ta kwana biyu a hali ɗaya. Yawanci tsakanin Tela da Gwaggo take wuni.

Sau huɗu a shekarun nan Fitinanniya ta miƙe ta wuce Suruka. Sau huɗu na rubuta da fensirina. A lokacin mai lofe ya yi ritaya, an kawo sabon oga mai jan biro, wanda ya riga ya buga takarda cewa ɗigon nan tauraro ne mai sanyin hali. Duk sa'ad da na kai masa sai ya ja layi ya rubuta: datti a gilashi. A na huɗu ya miƙo min magogi ya ce in goge da hannuna. Na ce masa ranka ya daɗe, gilashi aka ɗauke ni gogewa, ba abin da na gani ba. Washegari aka mayar da ni kan tsumma. Jadawalin da kika samu shi ya kwafe daga nawa, ya tsallake huɗun.

Littattafaina tara suna nan cikin akwatin keken ɗinki. Ba sata na yi ba, a kwandon shara na tsince su.

Na san abin da wannan zai yi wa kundinki, ban kai ga rubutawa ba sai da na sha shayi kofi uku. Amma gara ki ji daga bakina.

Ki gaida Farfesa. Ki shafa mai a wuyan nan.

Kakarki,
mai asalin sunan.

*

Alhamis, bayan azahar

Takwarata mai fushi,

Sallama da fatan alheri. Ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, kuma bakin da kika tura ya koma mazauninsa. Ni lafiya, sai gajiyar hanya, yanzu za ki ji dalili.

Amsarki ta zo, layi shida, ba fure. Kin ce jadawalin bugagge ne, masana sun sa hannu, abu ne na shekara arba'in, wataƙila datti ne da gaske. Ba ki rubuta tsufa ba, amma na ji ƙanshinsa a tsakanin layukan.

Ranar Asabar kuma sai ga babanki, da makullin mota a hannu yana kaɗawa, alamar ba zama ya zo yi ba. Ya ce Mama don Allah ki rufa mana asiri, yarinyar nan shekara biyar tana wahala, ki kawo littattafan in adana miki. Na tashi na zauna daram a kan akwatin keken. Na ce ɗan nan, kai ma wata tara na adana ka ba ka ɓata ba, littafi ne zai gagare ni? Ya ce ke, Takwara, dariya za a yi miki in aka ga Suruka da Kawu a takardar jami'a. Na ce ai su ma sun sha dariyar mutane da ransu. Sai ya ajiye makullin, ya ce in ba ki wuce a wannan karon ba lokacinki ya ƙare, za a rufe miki rajista. Wannan kam ta shige ni. Bayan ya tafi ban iya cin komai ba.

Amma abin da ya fi cizona shi ne kalmarki, wataƙila. Shekara arba'in ina ba kaina gaskiya ba tare da na sake dubawa ba. Don haka ranar Litinin na ɗaura wa gwiwa bandeji, na sa littattafai huɗu a jaka, na shiga bas biyu, na hau tudu.

Wurin ya canja. Ɗakinmu na awo ya zama na kwamfutoci, farantan kuma an sauke su ɗakin ƙasa tare da karyayyun kujeru. Mai kula da ɗakin wata mata ce sa'ar uwarki, da tarin makullai a ƙugu, tana tafe suna mata kiɗa. Ta ce Kaka ki yi haƙuri, sai da takardar Darakta. Na ce madalla, ina ofishinsa? Na zauna a bencin ƙofarsa tun hantsi, duk wanda ya wuce na gaishe shi na ba shi labari tun daga farko. Kafin azahar sakatare ya roƙe shi ya fito. Yaro ne a kan babanki, da ɗan gemu kamar an ɗiga da cokali. Ya ce Hajiya, ta yaya zan san kin yi aiki a nan? Na ce ɗana, ka aika a duba kabad na uku, layi na biyu, akwai kwalin da kusurwarsa ta ƙone da wutar lofe, farantin farko a ciki ya tsage ta gefen hagu, ni na tsaga shi, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai kai. Da kansa ya sauka. Da ya dawo, shi ya riƙe min jaka.

Teburin fitila ya mutu tuntuni. Mai Makulli ta kunna fitilar wayarta, muka rufa mata farar takarda, muka ɗora gilashi a kan littattafai biyu. Na rufe idon hagu da tafin hannu na sa madubi a na dama. Takwara, ga su nan duka. Suruka tana hararata kamar jiya. Sai da na gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

Ga yadda ake gane datti, ki riƙe. Datti a faranti ɗaya yake zama. Ƙuna ta gaske kuwa za ki gan ta tana hawa a farantan kwanakin baya, tana sauka a na gaba. Na farko, faranti goma sha ɗaya a jere: ta wuce Gwaggo, ta wuce Kawu, ta take Suruka, ta sauko a hankali. Na biyu haka. Na uku ma haka, har Mai Makulli da ba ta san kowa a cikinsu ba ta ce kai, wannan ta kumbura.

Sai na huɗu. Faranti ɗaya tak. Na jiya lafiya, na gobe lafiya. Na karkata gilashin wajen haske, sai ga wani ɗan ƙurji a jikin maganin hoton, daidai kan Fitinanniya.

Datti ne. Oga ya yi gaskiya. A kan wanda na yi masa tsiwa, a kan wanda na rasa teburina. A ranar fushin ukun baya ya hana ni jiran farantin gobe, shi ma bai ce a jira ba. Na yi dariya har hawaye, Mai Makulli ta ruga ta kawo ruwa tana zaton wani abu ya same ni. Da na natsu na ciro fensir, na ja layi a littafina da hannuna, na rubuta datti a gilashi, na sa kwanan wata, na sa hannu.

Saboda haka na janye ɗaya. Uku ne, ba huɗu ba. Ukun nan kuwa ko Oga ya taso daga kabari da birunsa ba zan janye ba.

Mai Makulli ta ɗauki hotunan farantan da shafukan littattafan da na kai, za ta turo miki. Ki duba da idonki mai sabon batir.

Kakarki,
mai ido ɗaya da rabi.

*

Lahadi, da safe

'Yar nan,

Ina gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ki. Kwana goma ke nan ba kira ba takarda, uwarki ta ce kina cin abinci, to alhamdulillahi. Na san hotunan sun isa, Mai Makulli ta ce alamar nan ta wayarku ta nuna kin buɗe.

Darakta mai ɗan gemu ya zo har gida. Ya ce zai sa a ɗauki hoton farantan duka da injinsu, kuma yana so ya rubuta wa Farfesarki. Na ce hoto ka ɗauka, wasiƙa kuwa a'a, ba kai za ka kai ƙarar jikata ba. Ni ma ba zan zagaya ta bayanki ba. Bakinki ne zai faɗa ko ya yi shiru.

Amma akwai abu ɗaya nawa a cikin kundin nan. Ranar da aka raɗa miki sunana ba wanda ya nemi izinina, babanki sanarwa kawai ya yi, na yi murna na yi shiru. Shekara ashirin da takwas kina yawo da shi, kin kai shi makarantun da ban san ƙofarsu ba, ban taɓa cewa ki dawo min da kayana ba. To sunan nan ne za a buga a bangon kundin. In jadawalin jan biro zai zauna a ciki kina sane, ki nemi aron wani sunan. Na uwarki ma mai daɗi ne. Sau ɗaya aka sa aikina a ƙarƙashin ƙarya, a lokacin ba ni da yadda zan yi. Ba za a yi na biyu da sunana a kai ba.

Kada ki zaci ba na tsoro. Ina ɗinki sai in ga allura ta tsaya, ina tunanin ranar da za ki shigo da akwatinki ki ƙi kallona. In haka ta faru ɗakinki yana nan, na wanke labule. Fushinki zan iya ɗauka, na ɗauki na Suruka ta gaske shekara talatin, ita kuwa ko hutun Lahadi ba ta yi.

Ga kuma ɗan lissafin 'yar aji bakwai. Nawa uku, naki ɗaya, kowace wajen wata biyu. Wata takwas ke nan a cikin shekara talatin da uku da aka sa mata ido. Takwara, wannan ba kullum ba ne. Ba zai yi ƙarfin abin da kika so ba, amma ba banza ba ne, kuma ba wanda zai zo bayan shekara goma ya buɗe kwali mai ƙunar lofe ya tsinka ki a gaban mutane. Yanzu ma mutum uku sun san kabad ɗin.

Saura mako uku. Ki yi abin da za ki iya kallon Fitinanniya da shi.

Kakarki,
wadda ba ta janye ba.

*

Talata, da yamma

Zuwa ga takwarata, kusan-Dakta,

Assalamu alaikum, da gaisuwa irin ta wanda ya ci ya ƙoshi. Ya gajiyar tsayuwa? Ya muryar da ta dushe? Ina fatan kin yi barci har rana ta tashe ki. Ni lafiya, har gwiwar ta yi min hutu.

Ran nan da kika kira kina kuka ban gane rabin maganarki ba, sai da takardarki ta zo. Ashe kwana uku kika yi da hotunan a jaka kina wuce ƙofar Farfesa, ran na huɗu kika shiga kika zube su a teburinta. Kin ce ta duba su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce wa ya auna wannan, kuma wa ya ja layin fensir ɗin nan a kan na huɗu? Ki gaya mata na ce doguwar tambayarta ta yi min daidai.

Na gane abin da aka rasa. Da jadawalin Oga, yiwuwar haɗuwar Baƙo da ƙuna ta zama dace kawai ɗaya ce cikin ɗari biyu. Da nawa ta koma ɗaya cikin hamsin. Inda kika rubuta ya tabbata, yanzu kin rubuta akwai alama. Kuma ba su sa miki hula a ranar ba, sun buɗe miki rajista wata huɗu ki auna farantan duka da inji ki dawo. Kin ce wata huɗu da yawa. Yarinya, ni shekara arba'in na jira, har da kuskure ɗaya a ciki.

Na ji daɗin wanda ya ɗaga hannu a cikin masu jarrabawar ya ce wace ce Suruka. Da tana raye da ta ce ai dama ta san sai an neme ta a jami'a.

Babanki ya zo ɗaukar littattafan zai kai a ɗauki hotonsu. Wannan karon makullin a aljihu yake. Ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce Mama ashe awo kike yi a can. Na ce a'a, goge gilashi nake, je ka wanke hannu kafin ka taɓa min kaya. Ya wanke, har da sabulu. Na bi shi har mota na sa ya ɗaura musu bel a kujerar gaba.

Darakta ya ce a faranti ɗari na farko inji da idona sun saɓa a wuri shida. Na ce a sake duba injin. Na kuma ba likita rana, Alhamis mai zuwa zai cire yanar. Ki ajiye min kujera kusa da kwamfutarki, ina so in ga Fitinanniya da ido biyu, fara a kan baƙar sama, yadda kuke ganinta. Ni a juye na san ta duk rayuwata. In kuma Baƙo Marar Sallama ya sake ratsowa, ki kira ni ko ina kan sallaya, zan amsa bayan na sallame.

Saura maganar ƙarshe. Kin ce a ƙasan sabon jadawali akwai gurbin wanda ya auna, kin sa sunana, amma kina tsoron za a zaci ke ce, a ce yaya aka yi kika auna ɗigo shekara talatin kafin a haife ki. Wai kina so ki ƙara babba, ko kaka. Kada ki ƙara komai. Bar su su yi ta ƙirga da yatsu. Sunan ya ishe mu mu biyu, na yafe miki shi har abada.

Da baƙin biro dai za ki rubuta.

Kakarki,
mai awo.